Amsa ga mai hawan jini da ya ce ba zai iya cin abinci lami ba

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce an auna ka an ga jininka ya hau, suga ma ya fara leƙowa, an ce ka rage gishiri da maiƙo da zaƙi, kai kuma mutum ne mai son daɗin baki, kana tambayar yadda za ka yi. Allah Ya ba ka lafiya. Ni ma na daɗe da wannan lalura a nan ƙauyenmu na ƙasar Haɗeja, kuma har gobe ina cin tuwona da santi.

Kada ka bar tuwo. Duk wanda na gani ya ɗauki zafi ya koma dafaffen ganye da ruwan zafi, ba ya rufa wata sai ka tsince shi gaban mai tsire yana ramuwar gayya. Gyaran yana cikin tukunya, don haka da uwargida za ka fara zama, cikin lalama, ba da faɗa ba.

Fara da gishiri, don shi ne babba a wajenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba, a duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. To leƙa madafi ka ga yadda ake haɗa miyar kuka: a murƙushe magi huɗu ko biyar, a barbaɗa farin magi, a kawo gishiri a zuba, ga kanwa. Shi dunƙulen magin nan kusan rabinsa gishiri ne, farin magi da kanwa kuma suna ɗauke da sinadarin nan na cikin gishiri mai tayar da jini. A gidana abin da aka yi shi ne aka riƙa zare magi ɗaya bayan ɗaya, ana cike gurbinsa da daddawa mai kyau, albasa, tafarnuwa, citta, ɗan masoro da bandar kifi da aka daka. Kwanakin farko za ka ji miyar ta yi salam, amma harshe yana sabawa. Yanzu in na ci miyar biki sai in ji gishirin yana yankar mini baki.

Sai malmala. Mu dai mun saba tuwo tuli, miya ɗan tsiyaye. Juya abin. In biyu kake tashi da su, koma ɗaya da rabi, daga baya ɗaya, miyar kuwa a cika ta da ganye: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, tafasa, duk wanda lokacinsa ya zo. Ni nakan fara da kwaɗon zogale kafin a buɗe tuwon, sai ka ga ciki ya riga ya ɗauki hanya. A daina surfe dawa da gero har su yi fes, don dusar nan da muke ba awaki tana rage saurin hawan suga. Farar shinkafa zalla tana saurin ɗaga shi, amma garau-garau mai wake da yawa ba laifi, in dai ba a mai da shi tafkin mai ba.

Zaƙi kam a abin sha ya fi yi mana kwanton ɓauna. Lemon roba na santilita 50 yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi goma sha biyu. Furar da kake sha da rana lafiyayyar aba ce, gero ne da nono, mu ne muke ɓata ta da sukari. Haka zoɓo, haka shayin teburi mai madarar gwangwani. Kuma kada wani ya ruɗe ka da zuma, ita ma zaƙi ce.

Nama ban ce ka bari ba. Ranar kasuwa ka sayi tsirenka, ka ce a zaɓa maka tsoka ban da kitse, yajin ma kaɗan, don cike yake da magi. Man shanu ƙamshinsa ake nema, ƙaramin cokali a kan tuwo mai zafi ya isa.

Inda wuyar take shi ne ciyayya. Bayan magariba a ƙofar gida kowa ya fito da kwanonsa, a ja wannan a ture wancan, hira ta yi daɗi, ba ka ankara ba ka sa hannu a kwano biyar. In ka tsame hannu da wuri a ce ko ka raina abincin gidan wane ne. Faɗa musu gaskiya sau ɗaya, cewa likita ne ya sa maka doka. Za su tsokane ka kwana biyu su bari, wataƙila ma ka ji wani a gefe yana cewa shi ma an gaya masa haka. Ka riƙe musu hadisin nan na raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ba mai ja da kai.

Ka kuma lura da rani. Da damina gona tana ƙone abin da ka ci, amma da an gama girbi sai zaman majalisa da hawa babur ko masallaci za a je, cin kuwa bai ragu ba. Taka da ƙafa.

Maganin da aka ba ka kada ka ajiye shi don wani ya ce zogale ko tafarnuwa sun wadatar. Hawan jini ba ya sallama, yana iya yin sama kana jin kanka garau, kuma shi da suga suna cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda. Mu a nan yankin mun ga yadda ciwon ƙoda yake cinye gida da gona. Ka riƙa zuwa asibitin da ke kusa da kai ana auna ka, ka sami ɗan littafi ana rubuta maka lambar, ka riƙa tafiya da shi wurin likita.