Consultant, Adviser ko Counsellor: Wanne Zan Sa a Katina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin gona ne mai ritaya, yanzu masu kiwon kaji kan kira ni in duba musu gona su biya ni. Zan buga katin sana'a da Turanci. Mai ɗab'i ya ce in sa "consultant", ɗana ya ce "adviser", wani aboki kuma ya ce "counsellor". Wa zan bi?
— Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bi mai ɗab'i. Mu da Hausa duk "mai ba da shawara" muke cewa, amma Bature ya raba su gwargwadon irin zaman da ke tsakaninka da wanda kake ba shawarar.

"Consultant" ɗauko shi ake yi daga waje don wani aiki takamaimai, da wa'adi, da kuɗin da aka yi ciniki. Ya zo ya gano abin da ke kashe 'yan tsaki, ya rubuta rahoto, ya karɓi haƙƙinsa, ya kama gabansa. Aikinka ke nan. Sai dai kada ka bar kalmar ita kaɗai, rubuta "Poultry Consultant". A asibitocinmu, kamar na Ingila, idan aka ce "consultant" kawai, babban likita ake nufi wanda ya gama horon ƙwarewa, kuma ba ka so a riƙa bugo maka waya kan ciwon ƙoda.

Shi "adviser" ɗan gida ne. Yana tare da maigidansa shekara da shekaru, galibi kan albashi ko alawus, nasa faɗa ne, yanke hukunci na maigida. Shi ya sa tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kira masu ba shugaban ƙasa shawara "Special Advisers" a sashe na 151, na gwamnoni kuma a sashe na 196. Da wata gona ɗaya ce ta riƙe ka tana biyanka duk wata, da ɗanka ya yi gaskiya.

Gardamar "adviser" da "advisor" kuwa ɓata lokaci ce, dukkansu daidai ne. Ingila ta fi son mai "e", mu ma ita muka gada a takardun gwamnati. Mai "o" ta fi yawa a muƙaman Amurka, ko da yake dokarsu ta 1940 kan masu ba da shawarar zuba jari da "e" aka rubuta ta. Ka ɗauki guda ka tsaya a kanta. Amma "advisory" kullum da "o" take.

"Counsellor" ba taka ba ce sam. Wannan mai sauraron damuwar mutane ne: ma'aurata, ɗalibai, masu fama da shaye-shaye. Turancin Ingila "l" biyu yake sa mata, na Amurka ɗaya. A nan masu buga kati suka fi yin ɓarna, domin furucinta ɗaya ne da "councillor", wato kansila na ƙaramar hukuma. Idan kuma ka ji alƙali ya ce "counsel", lauya yake kira.

Idan za ka ƙara layi a ƙasan sunanka, lura: "advice" mai "c" ita ce shawarar, "advise" mai "s" shi ne ba da ita, kuma ba a cewa "advices" ko shawarwarin sun kai ɗari. Ka sa mai ɗab'i ya fitar maka da samfuri guda, ka bi shi harafi-harafi kafin ya buga sauran.