Tambayoyinku kan karaya da ƙarfen da ake sa ma ƙashi

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan saƙonnin karaya sunka fi yawa, galibi kuma moto ce da kabu-kabu kamar kullum. Bismillah.

Tambaya: Likita an sa ma matata ƙarfe a ƙafa, maƙwabta na cewa zai yi tsatsa cikin jiki, wai har tsawa yake ja da damina. (Daga Madawa)

Amsa: Malam ba ya tsatsa, ba ya jan tsawa. Inox ne na musamman ko wani ƙarfe da ake ce ma titan, don zama cikin jiki anka yi su. Amma in wurin ya yi ja, ya kumbura ko yana fidda ruwa, ku kai ta asibiti da wuri.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 ya faɗi da moto nan Tawa, ya karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ƙasusuwan biyu duka. An yi radiyo (hoton ƙashi) sunka ce sai an yi aiki an sa plak da bis (faifan ƙarfe da ƙusoshi masu murɗawa). Kawunnansa sunka ce a kai shi wurin mai ɗori, ai matsewa ce ke haɗa ƙashi, ga kuɗin aiki ba mu da su. An ɗaure shi da karare, yanzu yatsun sun kumbura, ba ya barci don zafi. Mu ƙara haƙuri?

Amsa: Alhaji na riga na amsa maka tun lokacin da na ga saƙon, amma zan sake nan don kowa ya ji. A kwance ɗaurin nan yanzu, a kai yaro babban asibitin Tawa ko Galmi, duk wanda ya fi kusa, ko da tsakar dare ne. Babu haƙuri a nan.

Hannun da ya karye kumbura yake yi, in ka zagaye shi da karare da tsumma ka ja tamau, naman ba shi da inda zai je, jini ya daina shiga, cikin awa shida zuwa takwas nama ya fara mutuwa kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Alamomin su ne zafin da ya wuce misali wanda magani ba ya kashewa, ihu in an miƙe mashi yatsu, yatsu su yi sanyi ko su dushe ko ya daina jin su. In zafin ya ɗauke gaba ɗaya bayan haka kada ku yi murna, sau da yawa jijiya ce ta mutu. Wallahi abin na ɓata mani rai, karayar da za a gyara yaro ya koma bakin sana'arsa, sai a kawo shi bayan sati hannu ya yi baƙi yana wari, sannan a ce likita ne mai son yanke hannu.

To maganar kawunnansa, akwai gaskiya ciki, shi ya sa take da haɗari. Matsewa na haɗa ƙashi, amma bakin ƙashi da bakin ƙashi ake so su matse juna, a tsaye, can ciki. Ɗauri daga waje nama da jijiyoyi kawai yake shaƙewa, ƙashin na can yana yawonsa.

Wannan matsewar ta ciki ita ce dukan aikin plak. Wani likitan Beljiyam, Robert Danis, tun wajen 1949 ya nuna in an haɗe bakuna biyu an matse su ba motsi ko kaɗan, ƙashi na haɗewa kai tsaye ba tare da ƙullutun nan da ake ji a wurin ɗori ba. Likitocin Suwis da sunka kafa ƙungiyar binciken gyaran karaya mai suna AO a 1958 sunka ɗora kan haka, a 1969 anka fiddo plak mai ramuka masu gangare. Ramin ba zagaye yake ba, dogo ne kaɗan, gefensa a karkace, in likita ya sa bis a can ƙarshen ramin ya ɗaure, kan bis ɗin sai ya zame bisa gangaren ya jawo ƙashin da ke ƙasa ya manne da ɗan uwansa. In karayar a karkace take kuma akwai bis da ake ratsawa, ya zame cikin ɓari na kusa ya kama na nesa ya jawo shi.

Matsalar da masu ƙera kayan nan ke fama da ita har yau, matsin ba ya zama yadda anka bar shi ranar aiki. Jiki na ɗan cinye bakin ƙashin da ya karye a makonnin farko, sai ƙarfin matsewar ya ragu, in rata ta buɗe plak mai tauri na iya riƙe ta a buɗe. Shi ya sa a karayar ƙugu ta tsofaffi ake sa babban bis mai zamewa cikin bututu, nauyin mutum da kansa ke ƙara matse wurin duk lokacin da ya taka. A gwiwa kuma ana ɗaura waya ta gaba yadda jan tsoka zai koma matsi. Akwai ma ƙananan ƙugiyoyi na nitinol, haɗin nikel da titan, ana buɗe su a sa, su kuma kullum suna neman komawa siffarsu ta farko, don haka suna ta jan ƙashi ko da bakin ya ragu, an fi amfani da su a ƙananan ƙasusuwan ƙafa da hannu.

Kuma ba kowace karaya ake matsewa ba, wadda ta farfashe in ka matse ta gaɓar gajarcewa za ta yi. Radiyo ke nuna wacce ce wacce, mai ɗori kuwa laluba yake yi. Na ɗanka Alhaji, ƙasusuwan nan biyu ɗaya na juyawa bisa ɗaya ne, da haka muke juya tafin hannu, in sunka haɗe a karkace ko loma ba zai iya kaiwa baki daidai ba. Zancen kuɗi na san ba sauƙi, a tara dangi, su kawunnan nan su fara sa hannu aljihu. Amma kwance ɗaurin ba ya jiran kuɗi, ku tafi yau.

Tambaya: An sa mani plak a ƙwauri wata biyu da sunka wuce, na ji sauƙi na ajiye sanduna na koma tuƙin kabu-kabu, yanzu ƙafar na ciwo tana ɗan lanƙwasa. (Daga Yamai, Harobanda)

Amsa: Ƙanena ka yi gaggawa. Ƙarfen na riƙe ƙashi ne kafin ya haɗe, in ka ɗora mashi nauyinka kullum gajiya yake yi, kamar wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Ƙwauri na babba yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Ka ajiye moto, ka ɗauki sandunanka, ka koma inda anka yi maka aiki a sake radiyo gobe. In kana shan sigari ka bari, tana jinkirta haɗuwar ƙashi sosai. Tramol kuma ɓoye maka ciwon kawai yake yi kana ƙara ɓarna.

Tambaya: Ƙashi ya huda fata ya fito, tsohuwarmu ta barbaɗa garin magani ta rufe.

Amsa: Haba jama'a. Gari, toka, kashin shanu, man shanu, babu wanda ke shiga raunin karaya. A rufe da tsumma mai tsabta a ruga asibiti, yana bukatar wanki, maganin ƙwayoyin cuta da allurar tetanos cikin awoyin farko. In ƙashi ya ruɓe shekaru ake yi ana fama.

Tambaya: Dole ne a cire ƙarfen bayan an warke?

Amsa: Ba dole ba Hajiya, in ba ya damunki a bar shi. In za a cire ma galibi sai bayan shekara ɗaya zuwa biyu, radiyo ta nuna ya haɗe sarai, kuma a yi hankali da nauyi na wasu makonni don ramukan bis ba su cike ba tukuna.

Tambaya: Romon ƙashi na sa karaya saurin haɗewa?

Amsa: Sha abinka, abinci ne, amma ba shi ke haɗawa ba. Nono, ƙwai, wake, kifi da nama in an samu, in kana da ciwon suga ka kula da shi, kuma kada ka tsallake ranar da anka ba ka ta komawa asibiti.