Najdorf ana gobe gasa? Ka ɗan dakata tukuna

Malam, kan tambayarka cewa ratin ɗinka (makin da ke nuna ƙarfin ɗan wasa) na wajen 1500 kuma kana so ka koma Najdorf, wato wani salon buɗe wasa, in kana da baƙi saboda gasar ches da ke tafe, ni dai a ganina ka bari tukuna.

Ba wai buɗewar ce ba ta da kyau ba, ina! Ai da ita tsoffin zakarun duniya Fischer da Kasparov suka yi ta wahalar da mutane. Matsalar ita ce sai fari ya yarda kafin ka iso ta, don sai an bi waɗannan tafiye-tafiye: e4 c5, Nf3 d6, d4 cxd4, Nxd4 Nf6, Nc3 a6. Na daɗe ina buga gasa, kuma a matakin ratin irin naka da yawa ba za su bi ka har can ba, tun a tafiya ta biyu mutum zai saka maka c3, ko Nc3 ya biyo da f4, ko ya ba ka cek da Bb5 a ta uku, shikenan haddar da ka kwana kana yi ta tashi a banza, kana zaune kana zare ido agogo na ta tafiya.

Wanda kuwa ya yarda ya shigo, to da shirinsa ya zo. Duba wasa na 11 tsakanin Spassky da Fischer a Reykjavik a 1972. Fischer ya tura sarauniya ta ci sojan b2 kamar yadda ya saba, Spassky ya mayar da dokinsa b1, tafiyar da kai ka ce ɗan koyo ne ya yi ta, daga baya sarauniyar ta rasa mafita, Fischer ya sha kashi. Wannan fa mutumin da ya fi kowa sanin layin ne a zamaninsa.

Ka tsaya kan abin da hannunka ya saba, ko e5 ne ko buɗewar Caro-Kann. Sai ka riƙa rubuta mintunan da suka rage maka a gefen takardar wasa, dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, ta yarda da haka. In wasan minti 90 ne da ƙarin sakan 30 kuma ka cinye rabin awa kafin tafiya ta 10, to nan ne wurin gyara, ba wai sabuwar buɗewa kake buƙata ba.

Bayan gasa ka gwada Najdorf ɗin a bilis, wato wasan sauri, ta intanet, ka fara da koyon amsar Be3 da Bg5 a tafiya ta shida.