Muryar yayana ce sak, amma ba shi ba ne: tambayoyinku kan AI

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan saƙonni sun taru kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙirƙirarriyar basira da ake ce wa AI, to na zaɓo guda uku.

Ta farko daga wani ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12 da ke Legas: "Malam, saƙon murya ya shigo min a WhatsApp daga lambar yayana da ke mana lodin tumatir daga Arewa, wai mota ta lalace bayan Jebba in tura dubu 300 wani akawun. Muryarsa ce sak. Na tura, da yamma ya kira ni ashe bai ma san zancen ba. Da gaske na'ura na iya yin muryar mutum?"

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri, wallahi na ji zafin abin nan. E, tana iyawa, kuma yanzu ba sai ƙwararre ba. Akwai manhajojin da in ka ba su muryar mutum ta ƙasa da minti ɗaya za su koyi kaurinta da yadda yake jan magana, daga nan duk abin da ka rubuta su karanta shi da muryarsa. Ba mu kaɗai abin ke ci ba, a farkon 2024 ma'aikacin wani kamfanin injiniya na Birtaniya mai suna Arup, a ofishinsu na Hong Kong, ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin manyansa ya ji muryoyinsu, alhali duk na bogi ne.

Amma tunda ka ce daga lambarsa saƙon ya fito, abin da na fi zargi shi ne an fara ƙwace WhatsApp ɗin nasa. Yadda 'yan damfara suke yi, a kira mutum a ce an sa shi a wani guruf ko wani tallafi, ya karanto lambobi 6 da suka shigo masa ta tes, yana karantowa shikenan akawun ya koma hannunsu, daga nan su bi guruf-guruf su ga wa ke tura wa wa kuɗi. Murya kuwa ba ta wahalar samu, mu da kullum muna cikin tura saƙon murya a guruf ɗin 'yan kasuwa da sitatus.

Nan ne abin ya fi damuna. Kasuwancinmu a Legas a kan murya da amana yake tsaye. Mutum na Mile 12 ko Alaba Rago, kayansa na kan hanya kwana biyu uku, ba takarda ba sa hannu, direba ya yi magana ta waya a tura masa kuɗin mai, dillali ya ce farashin kwando ya tashi a yarda. Da yawa cikin dattawanmu ba sa karanta boko, saƙon murya shi ne wasiƙarsu, kuma tun muna yara an san in ka ji muryar ɗan'uwanka to ka ji shi. Wannan shaidar ce yanzu ta yi rauni, kuma ba na so tsoro ya sa mu daina yarda da juna, so nake mu ƙara mata wani abu a kai.

Ga abin da za ka yi. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da sabon akawun, kar ka amsa a WhatsApp, kira layinsa kai tsaye, in bai shiga ba kira direba ko yaron mota. Ku yanke wata kalma tsakaninku baki da baki wadda ba a taɓa rubutawa a waya ba, ko ka tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani, kamar laƙabin da kakarku ke kiransa da shi. Ka duba sunan da ya fito kafin ka danna tura. Shi kuma yayan naka ya sake shigar da lambarsa a WhatsApp don ya karɓe akawun ɗinsa, ya shiga saitin, ɓangaren akawun, ya kunna matakin tsaro na biyu ya sa fin mai lamba 6. Kuɗin da ya tafi kuma, je bankinka yau ɗin nan da rasit ɗin tiransifa ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda, don saurin kai ƙara shi ke sa a iya tare kuɗi kafin a kwashe.

Ta biyu daga wata baiwar Allah a Agege: "Wani zagaye mai launi ya fito min a WhatsApp, yarana sun ce Meta AI ne. Yana karanta hirata ne? Kuma ɗana na tambayarsa addini, har hadisi yake kawo masa."

Hajiya, tun Afrilun 2024 kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya kawo shi Najeriya. Hirarki da 'yan'uwa a kulle take daga wayarki zuwa tasu, shi abin da aka rubuta masa kai tsaye yake gani, ko in an ambace shi a guruf. Amma duk abin da kika rubuta masa ya tafi wurin kamfanin, don haka ban da BVN, ban da NIN, ban da sirrin gida.

Maganar hadisi kuwa ki zaunar da yaron. Manhajojin AI irin su ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, da Gemini da shi Meta AI ɗin, aikinsu hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata daga ɗimbin rubutun da aka ɗura musu, shi ya sa suke iya ƙirƙiro abu su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, har da lambar hadisi da sunan littafi. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙago musu, babu su sam. Ya yi amfani da shi wurin lissafi ko gyaran Turancinsa, nan yana taimakawa sosai, amma duk abin da ya shafi addini ya kai wa malaminsa na islamiyya ya buɗe littafi a gani.

Ta ƙarshe daga wani matashi a Idi-Araba: "Me ya sa Hausar AI ke fita wani iri?"

Ƙanena, ƙarancin abinci ne. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne in ka kwatanta da Turanci, kuma mu kanmu muna rubuta kafa da ƙafa iri ɗaya, ga karin harshe na Kano da Sakkwato da Hausar nan tamu ta Legas mai gauraye da Yarbanci da Buroka. Ana dai ƙoƙari, a Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wata manhajar AI mai suna N-ATLaS mai aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo, akwai kuma masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP. In kana son ka sa hannu, shiga Common Voice na Mozilla, shafin da ke tattara muryoyi don koya wa na'ura harshe, ka karanta jimlolin Hausa da muryarka, ko ka gyara shafi a Wikipedia ta Hausa, kuma ka saukar da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, Gboard na da shi kyauta.