Kilo Huɗu a Kwana Goma, Sannan Sikeli Ya Kafe

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, gidana yana Aboabo. Shekaruna 38, nauyina ya kai kilo 92. Wata guda ke nan da na fara keto, wato tsarin cin abinci na yanke sitaci da sukari, na bar waakye da tuwo da koko da burodi. A kwana goman farko kilo 4 suka zube, har maƙwabtan rumfata suka fara tambayata sirrin. Tun daga nan sikeli ya kafe a 88, yau mako uku. Bikin ƙanwata saura wata biyu. Wata a TikTok ta ce ta rage kilo 20 a wata ɗaya da wani garin kofi na keto da take sayarwa, kuɗinsa ya kusa na cefanen gidana na mako guda. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki saya. Ki riƙe kuɗinki, ki kuma kwantar da hankalinki, domin babu abin da ya lalace a jikinki.

Kilo huɗun nan da suka faranta miki rai, mafi yawansu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, abin da likitoci ke kira gilaikojin, kimanin rabin kilo a jikin babban mutum, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Da kika yanke shinkafa da tuwo, jiki ya cinye ajiyar nan, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari, ƙoda kuma ta ƙara zubar da gishiri. Ki tuna yadda kika yi ta zaryar bayi a makon farko. Kamar zane ne da aka matse bayan wanki: ya yi sauƙi a hannu, amma yadin yana nan yadda yake. Shi ya sa ranar da kika zauna kika ci waakye faranti guda, washegari za ki iya ganin kilo ɗaya ko fiye ya dawo. Ba kitse kika tara a dare ɗaya ba, ruwan ne ya koma mazauninsa.

Kitse ba ya tafiya da wannan saurin. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Idan kina cin abin da ya gaza buƙatar jikinki da kalori 500 kullum, a mako za ki rage kusan rabin kilo. Yanzu ki ɗauki kilo 20 na mai kofin ki lissafa: kalori 154,000 ke nan, wato sama da 5,000 a kowace rana har wata ya ƙare. Mace irinki tana ƙona wajen 2,000 zuwa 2,500 ne a yini. Ko da ba ta sa komai a baki ba tsawon kwana talatin, lissafin ba zai fita ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mata masu neman na kansu, masu tashi tun asuba su kama motar kasuwa, su ake yi wa wannan tallar, kuma idan abin bai yi ba sai su ɗora wa kansu laifi.

Abin da masana lafiya suka daɗe suna cewa shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Nan da bikin, idan kin dage, ki sa ran kilo 3 zuwa 6 a kan wanda kika riga kika rage. Kada ki raina wannan. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 5 zuwa 9 a wurinki, yana saukar da hawan jini, yana gyara sukarin jini, gwiwoyi ma suna samun sauƙi wajen hawa benen kasuwa da kaya. Ki kai wa tela ɗinkin yayin a kan awonki na yanzu, ya rage shi idan biki ya matso. Kada ki ɗinka rigar da kike fatan shiga.

Shi kuwa sikelin da ya tsaya, ki duba abu biyu. Na farko, nauyin mace yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda al'ada, da yawan gishiri da magi, da taurin bayan gida, wanda ya zama ruwan dare ga masu keto. Kitse na iya raguwa alhali ruwa ya rufe shi. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ki ci komai, sannan ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya duk mako biyu. Sau da yawa tef yana faɗin abin da sikeli ya ɓoye. Na biyu, ki dubi hannunki. Mai keto a rumfa takan ajiye kwalbar gyaɗa kusa da ita, tana ciniki tana watsawa a baki. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, cokali ɗaya na mai kuma kusan 120. An ce keto abincin maiƙo ne, amma maiƙon da kika ci fiye da buƙata shi jiki zai ƙona, ya bar na tumbin.

Kofin kuwa, babu garin da ke narkar da kitse alhali cin mutum bai canja ba. Yawancin shayin rage ƙiba ganyen filasko ne da sinadarin kafin na cikin kofi, su sa ki gudawa da fitsari, sikeli ya sauka na kwana biyu. Akwai ma waɗanda hukumomi a ƙasashe da dama suka gano an cusa musu sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Duk abin da za ki sha, ki nemi lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, a jikin kwalin. Ita ma lambar ba alkawarin ramewa ba ce.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Tafo. Dole ne sai na sayi garin almon da man kwakwa na waje kafin in yi keto? Kuma shin ya fi sauran hanyoyin rage ƙiba?

Amsa: Ba dole ba ne, ƙanena. Keto dai shi ne ka rage sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a yini, har jiki ya koma ƙona kitse. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da sitaci kusan giram 45, ka ga ke nan dunƙulen dokunu ko malmalar tuwo ta wuce kason yini. Abin da ya rage duk yana kasuwarmu: ƙwai, kifi, wagashi, kontomire da agushi, ayoyo, kuɓewa, kabeji, gauta, fiya. Tsire ma ya shiga, sai dai ka lura da yawan ƙuli-ƙulin da ake barbaɗawa.

Maganar fifiko kuwa, asalin tsarin ba don ƙiba aka yi shi ba. Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya raɗa masa suna a 1921, don yara masu farfaɗiya. A watannin farko masu yanke sitaci sukan riga wasu sauka, amma tazarar tana tsukewa. A wani binciken Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2018, an bi mutum 609 tsawon shekara guda: masu rage sitaci sun rage kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kimanin kilo 5. Ka lura, a shekara ne, ba a wata ba. Don haka ka tambayi kanka ko za ka iya rayuwa haka a gidan da ake tuƙa tuwo kowane dare, da lokacin azumi da ake buɗa baki da koko da ƙosai. Idan ba za ka iya ba, ka raba tuwonka biyu, ka ƙara miya da ganye, ka bar lemon kwalba da sukarin shayi. Wannan ba keto ba ne, amma za ka iya riƙe shi shekaru.

Tambaya: Mahaifina a Asawase yana da ciwon sukari da hawan jini, yana shan magani. Ina so in sa shi a keto.

Amsa: Allah ya saka maka da alheri da kula da Baba, amma kada ka fara wannan a gida da kanka. Wanda ke allurar insulin ko shan irin su gilibenkilamaid, idan ya yanke tuwo bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya yi gumi, ya rikice, har ya suma. Wasu sababbin magungunan sukari masu fitar da shi ta fitsari kuma suna iya jawo tsamin jini mai haɗari idan aka haɗa su da keto. Maganin hawan jini ma yakan so gyara, tunda jiki na zubar da ruwa da gishiri. Ka tattara dukkan kwalayen magungunansa a leda, ka raka shi wurin likitan da ke duba shi, ko sashen masu ciwon sukari na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ku nemi a haɗa ku da masanin abinci. A gwada ƙodarsa da kolestarol kafin a canja komai, domin keto yana ɗaga kolestarol ɗin wasu. Wata mai jego ma ta rubuto daga Sawaba tana tambaya kan keto, na ce mata: mai ciki da mai shayarwa su bar keto sai bayan yaye.