Biro Ko Kwamfuta: Amsoshin Tambayoyin Ɗalibai

Wata ɗaliba 'yar aji ɗaya daga Zariya ta rubuto cikin damuwa, cewa ƙawayenta da kwamfuta suke ɗaukar lacca, ita kuwa littafi da biro kawai gare ta, tana tsoron a bar ta a baya.

Kwantar da hankalinki, 'yata. A 2014 wasu masu bincike biyu, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun gwada ɗaliban jami'o'in Princeton da UCLA a Amurka, suka ga masu kwamfuta sukan kwashe maganar malami yadda ta fito, masu biro kuwa, da yake hannu bai kai baki sauri ba, dole su tace su taƙaita, sai suka fi iya amsa tambayoyin da ke buƙatar fahimta. Da wasu suka maimaita gwajin a 2019 tazarar ba ta fito sosai ba, amma babu abin da ya nuna mai biro yana asara. Ki kuma tuna cewa yawancin jarrabawarku da hannu za ki rubuta ta.

Wani ya tambaya ko ɗaukar hoton allo da waya ya wadatar. Bai wadatar ba, kai ma ka sani. Yaushe rabonka da buɗe hotunan zangon da ya wuce?

Wasiƙar da ta fi tayar mini da hankali ta wani ɗalibi ce daga Kano, wanda yake son taɓa kuɗin rajistarsa ya sayi iPad (kwamfutar tafi-da-gidanka mai siffar allo ta kamfanin Apple) na hannu da aka ce masa daga Landan aka kawo. Ɗana, kul ka taɓa kuɗin nan! Mahaifinka bai tara su don wannan ba, kuma kasuwar kayan hannu cike take da algus: allon da aka canza, batirin da ba ya riƙe caji har a gama lacca biyu, alƙalamin jabu a cikin kwali mai kyau, ga wanda aka kulle da iCloud, wato asusun Apple, na mai shi na farko, ka biya kuɗi ka kai ɗaki ya ƙi buɗuwa. Ko ka dace da mai kyau, da wace wuta za ka riƙa cajinsa a ɗakin kwanan ɗalibai? Idan karatunka ya buƙace shi daga baya, ka tara kuɗinsa daban, ka je da wanda ya san kaya, a goge shi a sake saita shi a gabanka, ka karɓi rasit kafin ka bar shagon.