Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Jakara kogi ce ko kwata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gwammaja, malaminmu na jogarafi ya ce mu rubuta kogunan jihar Kano sai na ga ya lissafa har da Jakara, ni kuma tun tasowata kwata na san Jakara, in za mu shiga Kurmi da Hajiyarmu sai mun toshe hanci. Don Allah da gaske kogi ce? Kuma ina ta samo sunan?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Malaminku bai yi kuskure ba, kuma hancinki ma bai yi ƙarya ba. Jakara kogi ce ƙarama, mu ne dai muka maida ta kwata, ita kam ta riga kasuwar zuwa wurin, ta riga ganuwa ma.

Kin ga birnin Kano a kan tudu yake, ruwan sama in ya sauka rabuwa yake gida biyu. Na kudu ya gangara Challawa, ita kuma ta je ta haɗu da kogin Kano wajen Tamburawa. Na arewa, wato wanda ke zubowa daga wajejen Dala da Goron Dutse da lungunan cikin gari, shi ne yake taruwa ya zama Jakara, ya ratsa ta gefen Kurmi ya fita ta Fagge ya miƙi arewa maso gabas, can gaba rafin Getsi da ya taso daga Bompai ya shigo mata da ruwan masana'antu, daga nan sai dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir wanda aka gina a 1976. Duk dangin kogin Haɗeja ne, masu fuskantar tafkin Chadi.

To batun suna, nan ne zancen yake da daɗi. A tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara a 1908, Jakara ta fito tun zamanin Barbushe, lokacin da mutanen Dala suke bautar Tsumburbura. A lokacin kurmi ne mai duhun itatuwa da ruwa kwance a ciki, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa saboda ruwan baƙi ne, kuma wuri ne da ake tsoro, ba a sara masa itace, yanka ake kai masa na baƙaƙen dabbobi. Ki lura baƙin ruwa na ce, da ƙa mai lanƙwasa, ba bakin ruwa ba, yaran yanzu in suna rubutu a waya duk ɗaya suke yi musu, alhali ɗaya launi ne ɗaya gaɓa. Da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa kasuwa a wurin sai ta ɗauki sunan kurmin, shi ya sa har gobe ake cewa kasuwar Kurmi ko da yake yau in kika nemi inuwar bishiya a ciki sai kin sha wahala. Ruwan kuma ya riƙe sunan Jakara, unguwar da ke bakinsa ita ma ta ci sunan.

Turawan da suka fara zuwa ma sun gan ta. Clapperton a 1824 ya tarar da wata ƙatuwar fadama ta raba birnin gida biyu, Barth da ya zo a 1851 shi ma ya yi maganar Jakara da sunanta, kuma tun lokacin ya yi ƙorafin ƙazantar ruwan. Wato dai warin nan da kike toshe wa hanci ya girmi kakan kakanki, sai dai na da babu leda babu ruwan kemikal.

Ni da kaina ina yaro na sha tsayawa kan gada bayan an ɗauke ruwan Agusta, Jakara ta cika ta batse tana gudu ja wur, tana tafe da kwando da takalmi ƙafa ɗaya wani lokaci har da akuya, manya na ta yi mana tsawa mu matsa. Duk wanda ya ga haka ba zai ƙara ce mata kwata ba wallahi. Yanzu wani sashe nata na cikin gari an rufe shi da kankare an ɗora titi a kai, shi ne aikin Wuju-Wuju da aka fara a zangon Kwankwaso na biyu, sai ki hau adaidaita ki bi ta kan kogi ba ki sani ba. Kuma latas da alayyafo da kabejin da ake nomawa da rani wajen Kwakwaci, da ruwanta ake ba su, don haka ki ce wa Hajiya a dinga wanke ganye da gishiri sosai.

TAMBAYA: Malam mene bambancin kogi da gulbi? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa abu ɗaya ne, baki ne ya bambanta. Ku mutanen yamma, Zamfara da Sakkwato da Kabi har Maraɗi, gulbi kuka fi cewa, shi ya sa ake da Gulbin Ka da Gulbin Maraɗi. Mu a Kano kogi muke cewa, sunan jihar Kogi ma daga nan aka ɗauko shi. Wanda bai kai ba shi ne rafi, ƙorama kuma 'yar siririya mai gudu. In da a kan girma za a yi hukunci tsakani da Allah Jakara rafi ce, amma ka zo Kano ka faɗa da bakinka.